Malami da safe, ɗalibi da dare: kaya biyun da ke kan mai gwajin koyarwa

Akwai wani lokaci a karatun duk mai son zama malami da yake kwana ɗalibi ya wayi gari malami. Da safe yara na miƙewa su gaishe shi, sun zuba masa ido suna jiran ya buɗe baki. Da dare kuma shi ne a sunkuye yana rubuta aikin da wani zai duba ya ba shi maki. Wannan shi ne lokacin gwajin koyarwa, wanda ɗalibai suka fi sani da TP. Kwalejin da ta turo shi tana kallonsa a matsayin ɗalibinta da bai gama biyan bashin karatu ba. Makarantar da ta karɓe shi kuwa, ko ta faɗa ko ta yi shiru, ƙarin hannu take gani. Shi yana tsakiya, kowane ɓangare na jan rigarsa.

Masu kuka da wannan lokaci yawan aiki suka fi ambata, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ni a ganina nauyin ba shi ne tushen ciwon ba. Kayan biyu ne, an ɗaure su daban-daban, kuma waɗanda suka yi ɗaurin ba kasafai suke zama su yi shawara da juna ba. Inda aka yi dace kayan suka zama ɗauri guda, ɗalibi kan gaji amma ya koyi aiki. Inda suka rabu, sai ya gaji a banza, kuma akwai waɗanda ke biyan diyyar gajiyar ba tare da an nemi yardarsu ba, wato yaran da ke zaune a ajin.

Bari mu kwance kayan mu ga abin da ke ciki. A ɓangaren makaranta, mutane kan ɗauka aikin shi ne tsayuwar minti 40 a gaban allo. Wannan ɗan yanki ne kawai. Kafin tsayuwar akwai duba manhaja da jadawalin zango don a san inda aka kwana, akwai karanta darasin kansa, domin sau da yawa sai mutum ya zo koyar da abu yake gane bai taɓa fahimtarsa da kyau ba, sannan a tsara darasin a haɗa kayan koyarwa. Bayan tsayuwar akwai duba littattafan yara, shigar da maki, kiran suna a rajista, da tuna wanda bai zo jiya ba don a cike masa giɓi. Ga kuma ayyukan da babu su a jadawali: tsayuwa a taron safe, sa ido lokacin da yara suka fita hutu, taron malamai, raba faɗa, lallashin mai kuka, zama a gefe ranar da iyaye suka zo jin yadda 'ya'yansu ke ciki. Philip Jackson, wani masanin ilimi na Jami'ar Chicago da ya daɗe yana zama a azuzuwan firamare yana kallo, ya rubuta a 1968 cewa malami kan yi mu'amala da yara har kusan sau 1,000 a yini guda. Tsohon hannu yana yin mafi yawansu ba tare da ya tsaya tunani ba. Sabon shiga kuwa kowace ɗaya shawara ce da sai ya yanke.

A ɓangaren kwaleji kuma akwai rubutaccen tsarin darasi na kowane darasi, akwai rahoton abin da aka gani a darasin wasu malamai, akwai littafin da ɗalibi ke rubuta tunaninsa bayan ya koyar, akwai zaman tattaunawa da malaman kwaleji, akwai kundin shaidar aiki da za a miƙa a ƙarshe. Wasu kwalejoji na ƙarawa da ɗan bincike a kan wata matsala ta aji. Wasu ma ba su dakatar da kwasa-kwasansu ba, sai ɗalibi ya bar makaranta da rana ya nufi lacca, jarrabawa na jiransa a ƙarshen zango.

A yi ɗan lissafi, don a ga yadda abin ke cin lokaci. A ɗauka an ba ɗalibi darasi 3 a rana, kuma kowanne ya ci masa awa ɗaya da rabi wajen shiri, abin da ba baƙo ba ne ga wanda bai taɓa koyar da darasin ba. Awa huɗu da rabi ke nan. A ɗauka ajin na da yara 40, ya ba littafin kowanne minti 2 kacal. Minti 80 ke nan ga aji ɗaya. Ba a riga an sa sa'o'in da ya yi a makarantar ba, balle aikin kwaleji. Wani abu dole ya sha ƙasa a wannan yini, kuma abin tambaya shi ne wanne.

Wannan rikici ya girmi duk wanda ke fama da shi yau. Tun wajejen 1685, lokacin da Jean-Baptiste de La Salle ya buɗe wurin horar da malamai a birnin Reims na Faransa, ake ta neman yadda za a haɗa karatun malami da aikinsa. A Ingila, a 1846, James Kay-Shuttleworth ya fito da tsarin da ake ɗaukar yaro mai shekara 13 ya yi shekara 5 yana koyar da ƙananan yaran makarantar da rana, shugaban makarantar kuma ya karantar da shi na awa ɗaya da rabi kafin a shiga aji ko bayan an tashi, sufeto ya zo ya jarraba shi duk shekara. Tsarin ya samar da malamai da yawa cikin araha. Sukar da ya sha ita ce wadda ake yi yau: aikin yini yana cinye ƙarfin yaro, karatun sai ya samu ragowa, kuma abin da yake fita da shi kwaikwayon ubangidansa ne, da kyawunsa da muninsa.

John Dewey, masanin falsafar ilimi ɗan Amurka, shi ne ya fi kowa fayyace matsalar, a wata maƙala da ya rubuta a 1904. Ya ce ana iya kallon gwajin koyarwa ta fuska biyu. Ko dai a ɗauke shi kamar koyon sana'a a wurin ubangida, inda burin shi ne hannu ya faɗa da wuri, ko a ɗauke shi kamar ɗakin gwaje-gwaje, inda burin shi ne ɗalibi ya gane abin da ke faruwa a kwanyar yaro lokacin da yake koyo. Gargaɗinsa shi ne, wanda aka jefa cikin aji da wuri yana da abu biyu a gabansa, riƙe tsarin aji da bin tunanin yara, kuma ba zai iya ba su hankalinsa duka a lokaci guda ba. Zai zaɓi na farko, domin shi ne mai hayaniya. Ya koyi yadda ake sa yara su yi tsit su kalli allo, ya ɗauka ya iya koyarwa, alhali yaro na iya kafe ka da ido zuciyarsa na can wani wuri. Sama da shekara 120 ke nan da wannan magana, amma duk wanda ya taɓa zama a bayan aji yana kallon sabon malami zai ce jiya aka yi ta.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, babu sana'ar da mai koyonta ke zuwa da tunanin ya riga ya san ta kamar koyarwa. Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin yaro ya gama sakandare ya shafe kimanin awa 13,000 yana kallon malamai suna aiki. Babu ɗalibin likitanci da ya yi wa tiyata irin wannan kallo. Amma kallo ne daga kujerar ɗalibi: ya ga malami yana tambaya, bai ga dalilin da ya sa ya zaɓi wannan tambayar ya bar waccan ba, ya ga darasi ya tafi sumul, bai ga daren da aka yi ana gyara shi ba. Ranar da aji ya rikice wa ɗan TP, abin da yake rarumowa ba laccar da ya ji a zangon baya ba ce. Malaminsa na aji huɗu yake rarumowa, da muryarsa da barazanarsa. Amfanin aikin kwaleji a wannan lokaci, idan har yana da amfani, shi ne ya hana shi komawa can ba tare da ya sani ba.

Frances Fuller ta nuna a 1969 cewa damuwar sabon malami tana farawa ne daga kansa: shin yara za su ji maganata, shin zan burge mai duba ni, shin za a gane ban san amsar ba? Sai ya samu natsuwa kafin hankalinsa ya koma kan ko yaran sun fahimta. Simon Veenman kuma, da ya tattara bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban a 1984, ya tarar cewa ladabtar da aji ne matsalar da sababbin malamai suka fi ambata. Abin da wannan ke nufi ga mai tsara aikin kwaleji a fili yake. Idan ka ce wa ɗalibi a makonsa na biyu ya rubuto shafi 10 a kan falsafarsa ta ilimi, alhali abin da ya hana shi barci shi ne yara uku na layin baya, zai rubuto maka, amma rubutun sauke nauyi.

Shi ya sa ake cewa a miƙa masa aji sannu a hankali. Ya fara da kallo, sannan ya taimaka wa yaro ɗaya ko ɗan rukuni, sannan ya karɓi wani yanki na darasi kamar gabatarwa ko bitar ƙarshe, sannan darasi cikakke malamin ajin na zaune, sannan jerin darussa, kafin a kai ga makonnin da zai riƙe kusan komai. A ƙarshe ya mayar da ajin ga mai shi a hankali, don kada yara su ji an yanke musu igiya. Kusan kowane littafin jagora na kwaleji yana ɗauke da irin wannan tsani. A aikace matakin farko ne aka fi tsallakewa, ko kuma a yi shi a wofi. Ɗalibi ya zauna a baya mako guda yana hamma, ya rubuta cewa malama ta gabatar da darasi da kyau, yara sun ba da haɗin kai. Wannan ƙari ne kawai a kan awa 13,000 ɗin can.

Kallo mai amfani sai an ba ido abin nema. Ga misali. Mary Budd Rowe ta yi shekaru tana sauraron faifan darussan kimiyya, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa 1 ne kawai bayan sun yi tambaya, kafin su maimaita ta, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara sukan yi tsawo, kuma waɗanda ba su saba magana ba sukan fara ɗaga hannu. To, a ce kwaleji ta ba ɗalibi aiki kamar haka: ka zauna a darasi biyu da agogo, ka ƙirga tsawon jiran malami bayan kowace tambaya, ka rubuta su wa aka kira kuma a ina suke zaune, mako mai zuwa ka roƙi malamin ya yi maka irin wannan ƙirga a naka darasin, ka zo mana da takardun biyu mu tattauna. Aikin bai fi shafi guda ba. Bai ɗauke shi daga aji ba, cikin ajin ma ya ƙara tura shi. Kuma da wuya ya sake yin tambaya a rayuwarsa bai ji daƙiƙun nan suna bugawa a kunnensa ba. Irin wannan aiki nake nufi da ɗauri guda.

Tsarin darasi kuwa, shi ne aka fi faɗa a kansa. Ɗalibi na ganin malamin da yake koyo a hannunsa ya shiga aji da ɗan rubutu layi huɗu, ko ma babu, darasi kuma ya yi kyau, shi kuwa an tilasta masa shafi uku. Yana da hujjar jin haushi, amma ya manta cewa shafi ukun suna cikin kan wancan, shekaru ne suka rubuta masa su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda nake goyon bayan ɗalibi shi ne a kan abin da ake cika shafukan da shi. Yawancin fom ɗin da ake bayarwa sun fi kula da abin da malami zai yi mataki-mataki, da yadda za a ƙawata manufar darasi da kalmomin da mai dubawa ke so, sun bar tambayar da ta fi kowace tsada: a ina yaran nan za su yi tuntuɓe, kuma me zan yi idan sun yi?

Ɗauki ɗebewa a lissafin firamare. Ka ba yara 52 a ɗebe 38, da yawa za su rubuta 26. Ba wauta ba ce, ƙa'ida suka bi, sai dai gurguwa: a kowane layi sun cire ƙaramin adadi daga babba, 2 daga 8 saura 6, 3 daga 5 saura 2. Wanda ya san lissafi kawai zai ja jan biro ya rubuta 14. Wanda ya san koyar da lissafi ya san 26 na nan tafe tun kafin ya shiga aji, ya kuma tanadi abin da zai sa yaro ya ga kuskuren da idonsa, ko da tambayarsa ce: idan ka haɗa 26 da 38, 52 za ka samu? Irin wannan sani ne Lee Shulman ya ware a 1986 ya ce shi ne ilimin da ya keɓanta da malami, wanda ya bambanta da sanin fannin kansa, ya kuma bambanta da sanin dabarun koyarwa na gaba ɗaya. Tsarin darasi mai shafi ɗaya da ya hango 26 ya fi mai shafi biyar da bai hango ba. Kuma babu laifi a rage tsawon abin da ake nema yayin da makonni ke tafiya, tunda yawan darussan na ƙaruwa. Nacewa a kan cikakken fom har ranar ƙarshe shi ke haifar da kwafe na wani, ko rubuta tsarin bayan an riga an koyar da darasin, wanda kowa ya san ana yi.

Littafin tunani ma haka ya samu kansa. Asalinsa mai kyau ne. Donald Schön ya yi bayani a 1983 cewa ƙwararru na koyo ne ta hanyar waiwayar abin da suka yi, a cikin aikin da kuma bayansa, kwalejoji kuma suka rungumi wannan hannu biyu. Matsalar ta zo da aka ɗora maki a kai. Da zarar ɗalibi ya san za a auna shi da abin da ya rubuta, sai ya koyi salon da ake so: ɗan kuskure maras haɗari, sai darasin da ya ɗauka, sai alkawarin gyarawa. Kuskuren gaske, irin ranar da ya daka wa yarinya tsawa ta yi shiru har aka tashi, ba ya shiga littafin. Layi biyar da aka rubuta minti goma bayan darasi, da littafin yaro ɗaya a buɗe a gaba, sun fi shafukan da aka zauna aka cike na mako shida a daren da za a miƙa.

Sai maganar iyayen gida biyu. Sharon Feiman-Nemser da Margret Buchmann sun kira abin tarkon duniya biyu a 1985: abin da kwaleji ke saka wa da maki daban, abin da makaranta ke yabawa daban. Kwaleji ta ce a raba yara rukuni-rukuni su tattauna. Malamin aji ya ce jarrabawa ta ƙarato, a gama manhaja. Sufabaiza, wato malamin da kwaleji ke turowa ya duba ɗalibi, na zuwa sau biyu ko uku a zango, malamin aji na nan kullum. Ɗalibi mai wayo sai ya koyi abin da babu wanda ya yi niyyar koya masa, wato koyarwa iri biyu: ta yau da kullum, da ta ranar baƙo. Ranar baƙo a fito da kwalaye masu launi, a kira yaran da aka san za su amsa, wani lokacin ma a maimaita darasin da aka riga aka yi. Yaran sun gane wasan sarai, sukan ma taya malaminsu rufa asiri. Sufabaiza ya cika fom ya tafi, ya auna aikin ganin ido. Maganin wannan ba shi da tsada: zama guda na mutum uku a farkon zango, a yarda a kan darussa nawa, wane aiki za a miƙa yaushe, me za a duba, sannan a ba hukuncin malamin aji nauyi a makin ƙarshe, tunda shi ya ga ranakun da babu baƙo.

Amurka ta gwada wata hanya ta haɗa kayan biyu, kuma abin da ya biyo baya abin lura ne. Daga 2013 jihohi da dama suka wajabta wata jarrabawa mai suna edTPA, wadda aka tsara a Jami'ar Stanford. Ɗalibi zai shirya jerin darussa 3 zuwa 5, ya ɗauki bidiyon kansa yana koyarwa, ya tattara aikin yara, ya rubuta dogon sharhi a kan abin da suka fahimta da abin da ya kuɓuce musu, a aika wa masu dubawa da ba su san shi ba. A takarda, wannan shi ne aikin kwaleji da ya tsiro daga cikin aji. Amma da ya zama sharaɗin samun lasisi, ga kuɗin rajista a kan ɗalibi, sai aka yi ta kukan cewa makonnin da ya kamata hankalinsa ya tattara a kan yara sun tafi wajen gyaran bidiyo da tace rubutu. Jihar New York ta janye wajabcin a 2022, wasu jihohin ma suka yi haka. Ko aikin da aka gina a kan aji yana iya juyowa ya cinye ajin, idan abin da ya rataya a kansa ya yi yawa.

Duk wannan tsari yana tsaye ne a kan mutum ɗaya da ba a cika ambata ba, malamin da aka damƙa masa ɗalibin. Binciken da aka yi a jihohin Tennessee da Washington ya nuna cewa waɗanda suka yi gwaji a hannun malaman da suka iya koyarwa sukan fi iya aiki idan suka samu nasu ajin. Ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne yadda ake zaɓen: sau da yawa wanda jadawalinsa ya dace, ko wanda ya fi buƙatar hutu. Shi ma malamin yana da uzuri, domin karɓar ɗalibi da gaske ƙarin aiki ne: ya duba tsarin darasi kafin a koyar, ya zauna ya kalla, ya samu lokacin magana bayan an tashi, ya kuma haƙura yana ganin ana koyar da yaransa ƙasa da yadda zai yi da kansa. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, kuma malamai nagari ne suka fi jin zafinsa.

Akwai iyakar da bai kamata a yi ciniki a kanta ba. Ɗan TP ba shi da lasisi, kuma amanar yaran tana wuyan malamin ajin da shugaban makaranta ko da shi ne a gaban allo. Idan aka miƙa masa alli ranar farko aka ce ga ajinka, aka tafi ɗakin malamai, ko aka mai da shi mai toshe gurbin duk malamin da bai zo ba, to kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu ɗaliban ma alfahari suke yi da hakan, wai an yarda da su. Gaskiya ne za su saba da tsayuwa gaban yara. Amma wanda ba a kallo ba a yi masa gyara, kuma kuskuren da aka maimaita mako goma ya zama ɗabi'a. Shi ma ɗalibin akwai abin da ke kansa a nan. Hukunta yaro yana bin dokar makarantar ne, ba yadda ransa ya raya masa ba. Idan yaro ya faɗa masa wani abin da ke nuna ana cutar da shi, ba nasa ba ne ya yi bincike ko ya yi alkawarin rufe sirri, nasa shi ne ya kai wa wanda makaranta ta ɗora wa wannan alhaki a ranar. Sunayen yara ba sa shiga rahoton kwaleji, hotonsu da bidiyonsu ba a ɗauka sai da izini, balle a kai su shafukan sada zumunta. A nan ne aikin kwaleji da amanar aji ke iya karo kai tsaye, kuma amanar ce ke gaba.

Ƙasashe sun raba wannan gardama ta hanyoyi daban-daban. A Ingila, mai digiri da ke neman shaidar koyarwa yana yin aƙalla kwana 120 a makarantu, kuma ba a makaranta ɗaya ba. Daga 2021 kuma sabon malami na samun shekara 2 na reno, ana rage masa kashi 10 cikin 100 na darussa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu. Ostireliya na neman kwana 80 ga mai digirin farko na koyarwa, 60 ga wanda ya shigo da wani digirin. Japan gajeren gwaji take yi, mako 2 zuwa 4, sai ta ɗora nauyin a kan horon shekarar farko ta aiki, wanda ta wajabta tun 1989. Jamus ta raba abin gida biyu: a gama jami'a tukuna, sannan a shiga wani zango na musamman, galibi wata 18, ana biyan mutum albashi, yana koyarwa wasu ranaku yana halartar cibiyar horo wasu, ya ƙare da jarrabawar gwamnati. Finland kuwa, inda malamin firamare ke yin digiri na biyu tun 1979, jami'o'inta na da makarantunsu na horo, kuma renon ɗalibai na cikin aikin da aka ɗauki malaman makarantun su yi. Ba na jin yawan kwanaki ne ya bambanta waɗannan. Abin dubawa shi ne ko an ware wa wani lokaci, an kuma biya shi, don ya tsaya tsakanin kwaleji da aji.

Batun albashin Jamus ya taɓo wani kaya na uku da ba a rubuta shi a littafin jagora. A wurare da yawa ɗan TP na aikin yini cikakke ba a biyansa, yana kuma biyan kuɗin karatu da na zirga-zirga, wani na da iyali, wani na da sana'ar da yake ci da ita. Idan aka ce ya ajiye komai ya fuskanci gwaji, an faɗi abin da ya dace, amma an faɗa wa wanda ke da mai ɗaukar nauyinsa ne. Kowane aikin da kwaleji ta ƙara ba tare da dalili ba, waɗannan yake fara kayarwa.

To idan mako ya cushe, ga darasin gobe ba a shirya ba, ga littattafai 40, ga rahoton da za a miƙa jibi, me zai sha ƙasa? Ɗalibai da yawa darasin suke sadaukarwa, domin rahoton na da ranar rufewa da maki, yaran kuwa ba su da fom ɗin da za su cika. Ni da za a tambaye ni, darasin gobe ne farko, domin rahoto na karɓar uzuri, amma minti 40 na yara 40 idan suka wuce sun wuce. Littattafan ana iya duba 10 da kyau, a ga kuskuren da ya fi yawa, a buɗe darasin gobe da shi, sauran a bi su a aji. Rahoton kuma a rubuta wa malamin kwaleji tun yau a nemi ƙarin kwana biyu, a faɗi dalili, kada a bari sai ranar ta wuce. Malamin kwalejin da ya ga irin wannan saƙo daga ɗalibai biyar a mako guda, kalandarsa ya kamata ya buɗe, ya duba ko ya ajiye ranar miƙa aikin ne daidai makon da suka karɓi cikakken jadawali.